Haya Ko Gudummawa: Rikicin Zaurukan Taro A Unguwannin Hausawa Na Fatakwal, Anacha Da Inugu

A unguwannin Hausawa na biranen Fatakwal da Anacha da Inugu, zauren taro shi ne majalisa, shi ne wurin sulhu, shi ne makarantar yara da la'asar, wani lokaci kuma shi ne masaukin baƙon da dare ya yi masa. Galibi gini ne guda ɗaya jingine da masallaci ko kasuwa, amma masu amfani da shi suna da yawa. Akwai 'yan ɗariƙa masu wazifa da maulidi, akwai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, akwai na dillalan shanu da mahauta da masu kayan gwari, sa'an nan ga 'yan agaji da makarantar Islamiyya da mata masu adashi.

Muddin rufi bai zuba, kuɗin wuta kuma bai yi nauyi ba, zaman yakan tafi lami lafiya. Ranar da mai fili ya aiko da takardar ƙarin haya, ko damina ta tona asirin kwanon rufi, ran nan ne ake tada tambayar da aka yi shekara da shekaru ana kauce mata. Wane ne mai zauren? Su wane ne 'yan haya? Kuɗin da ake miƙawa duk ƙarshen wata kuma, sunansa haya ko gudummawa? Amsar tana da muhimmanci ga ɗan kasuwa, domin a cikin irin waɗannan zauruka ne ake ƙulla amanar da fataucin shanu da albasa da wake ya dogara a kanta, tun daga Arewa har bakin teku.

Asalin Zangunan

Zaman Hausawa a waɗannan birane ya biyo hanyar ciniki ne. Tun cikin ƙarni na 19 fatake Hausawa da Nufawa suke gangarowa ta kogin Kwara zuwa Anacha, kuma har yau titin da babban masallacin garin yake sunansa Titin Bida. An gano kwal a Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal tsakanin 1912 da 1913 domin fitar da shi ta ruwa, layin dogo kuma ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Da layin ya sadu da na Arewa a 1927, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, sai safarar dabbobi da hatsi zuwa Gabas ta bunƙasa. A Inugu jama'ar Arewa suka yi matsuguni a wajen Titin Owerri, a Fatakwal kuwa cikin tsohon gari da unguwar Diobu. Irin karɓuwar da suka samu ta kai ga Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu ɗan ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, ƙarƙashin jam'iyyar NCNC.

Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka yanke wannan zama. Unguwannin suka watse, waɗanda suka komo bayan yaƙi kuma sau da yawa ba su ne suka tafi ba. Aka sake ƙulla zama da masu ƙasa, aka sake tada masallatai da rumfuna, mafi yawa bisa fahimtar juna da alkawarin baka tsakanin dattawa. Wannan tarihi yana da alaƙa kai tsaye da gardamar yau, domin dattawan da suka san yadda aka yi yarjejeniyar suna ƙarewa, abin da suka bari a rubuce kuwa kaɗan ne.

Zaure Da Kasuwa

Wanda bai san fatauci ba zai ɗauka cewa zauren taro harkar zumunci ce kurum. Binciken da masani Abner Cohen ya yi a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, wanda aka buga a 1969, ya nuna cewa abin ya wuce haka. Bafatake yakan kawo shanu daga nisan ɗaruruwan mil, ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, a sayar wa mahauci da bashi, maigidan kuma ya tsaya a kan cewa za a biya. Ba banki a tsakani, ba lauya, ba takardar jingina. Abin da ke riƙe cinikin shi ne sanin juna da tsoron zubewar mutunci a idon jama'a. Cohen ya nuna cewa lokacin da ikon Sarkin Hausawan Sabo ya fara raunana a farkon shekarun 1950, sai mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka kafa nasu masallacin Juma'a a 1952, haɗuwar yau da kullum a zawiyoyi kuma ta zama sabon igiyar da ta ɗaure masu gida da dillalai da fatake.

Tsarin zangunan Gabas bai yi nisa da wannan ba. A zaure ne ake gabatar da baƙo ga manya, a nan ake jin wanda ya ci amana, a nan ake tara kuɗin kai gawa gida ko belin yaron da aka kama, a nan kuma ake karɓar jami'an ƙaramar hukuma idan sun zo da maganar haraji. Ke nan zauren yana yin wani ɓangare na aikin da ofishin tantance masu cin bashi da kamfanin inshora ke yi wa manyan kamfanoni, ba tare da an rubuta masa ko kwabo a littafin ciniki ba.

Hawa Uku Na Mallaka

Idan aka duba yadda irin wannan zaure ke zaune, za a ga hawa uku. A ƙasa akwai mai fili, wanda zai iya zama wani iyali na 'yan asalin gari, ko ƙaramar hukuma, ko gwamnatin jiha. A tsakiya akwai masu riƙe da zauren, wato kwamitin masallaci, ko zawiyar da muƙaddaminta ya fara kafa rumfar, ko fadar Sarkin Hausawa. A sama kuma akwai ƙungiyoyin da suka raɓu daga baya, kowace da ranarta da sa'arta. Masu riƙon suna iya zama 'yan haya ga mai fili, amma su ne tamkar masu gida ga waɗanda suka raɓu. Duk ƙarin da ya taso daga ƙasa, ta hannunsu zai bi ya hau sama, su ne kuma za su sha zargi.

Hujjar masu riƙo a bayyane take. Su ne ake bi kuɗin fili, su ake kawo wa takardar wuta, su ke sayen man janareto da biyan mai gadi da mai shara. A ganinsu, ƙungiyar da ke karɓar kuɗi a kan kowace motar kaya da ta sauke a kasuwa bai kamata ta ci gaba da biyan abin da aka yanka mata tun tana da mutum goma ba. Waɗanda suka raɓu su ma ba su rasa abin faɗi ba. Da yawansu sun ba da bulo da siminti da kwano lokacin gini, sun kuma bayar ne domin Allah, saboda haka sukan ga cewa kiran su 'yan haya a ginin da guminsu ke ciki cin fuska ne. Sukan ƙara da tambayar inda kuɗin bukukuwan aure da na shagunan da ke jikin bango suke shiga, da dalilin da ya sa ba a karanta lissafi a bainar jama'a.

Akwai kuma sauyin da zamani ya kawo. A da, maigida da malami da sarki su ne ginshiƙan zango, ƙungiyar sana'a kuwa reshe ce. Yanzu ƙungiyoyin sana'a suna da uwa a matakin ƙasa, suna da rajista da asusun banki. Ƙarfinsu ya fito fili a ƙarshen Fabrairun 2021, sa'ad da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun, farashin tumatir da albasa da nama ya tashi a biranen Kudu kafin a janye matakin a farkon Maris. Idan baƙon da aka ba wa gefen tabarma ya fi mai tabarmar ƙarfin aljihu, dole maganar wa zai biya nawa ta zama maganar wa ke da faɗa a ji.

Saɓanin fahimtar addini ma yakan shigo ciki. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 aka sha takaddama a kan masallatai tsakaninta da 'yan ɗariƙa a sassan ƙasar nan, ita kanta kuma ta rabu biyu a farkon shekarun 1990 kafin a sasanta a 2011. A duk inda jama'ar da ta gina wuri tare ta rabu, kowane ɓangare yakan ce shi ne magajin asali, sai ƙarin haya ya zama hanyar korar wanda ba a so, ƙin biya kuma ya zama hanyar nuna cewa ba a yarda da shugabancin ba.

Hauhawar Farashi Ce Ke Tona Asiri

Alkawarin baka yana iya daɗewa idan darajar kuɗi a tsaye take. A Nijeriya kuwa ba ta tsaya ba. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, hauhawar farashi ta kai kimanin kashi 57 cikin ɗari a 1993, haka kuma a 1994, sa'an nan ta kusa kashi 73 a 1995. In aka haɗa shekarun uku, farashin kaya ya ninka fiye da sau huɗu. Ma'ana, ƙungiyar da aka yanka wa naira 100 a wata a 1992, in ta ci gaba da biyan naira 100 ɗin a ƙarshen 1995, abin da take bayarwa a haƙiƙa bai kai rubu'in na farko ba, alhali ita a zuciyarta ba ta saɓa alkawari ba.

Abin ya sake maimaituwa a 'yan shekarun nan. Matsakaicin hauhawar farashi ya kusa kashi 19 a 2022, ya kusa kashi 25 a 2023, ya haura kashi 33 a 2024, wato farashi ya kusa ninkawa biyu cikin shekara uku. An janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 nan take, ta kuma wuce naira 1,000 a ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin masu rukunin farko daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. A farkon wannan shekarar ta 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama. Waɗannan su ne ainihin kayan da zauren taro ke ci: mai, wuta, siminti da kwano.

A daidai lokacin da ɗawainiya ke hawa, samun masu biya ya ragu. Daga Agustan 2021 umarnin zaman gida na ranar Litinin da masu fafutukar Biyafara suka ƙaƙaba ya riƙa rufe kasuwannin Anacha da Inugu, wato rana ɗaya daga cikin ranakun ciniki shida na mako, har gwamnatin Jihar Inugu ta ba da sanarwar haramta shi a Yunin 2023. Mai kayan gwari, wanda hajarsa ba ta jiran gobe, shi ya fi jin wannan a jikinsa. Saboda haka masu riƙo da waɗanda suka raɓu duk gaskiya suke faɗi idan kowa ya ce an matse shi. Kuskuren yana ga yarjejeniyar da ba ta tanadi yadda za a raba nauyin sauyin farashi ba.

Abin Da Doka Ta Tanada

Idan gardama ta fi ƙarfin dattawa ta kai gaban alƙali, abubuwa huɗu ne sukan ba masu ƙara mamaki.

Na farko, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk filayen jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ko ƙungiya ke riƙewa izinin zama ne, wanda galibi ba ya wuce shekara 99, kuma sayar da shi ko jinginar da shi ko ba da shi haya ga wani yana bukatar amincewar gwamna. Gwamna yana da ikon soke izinin domin amfanin jama'a, diyyar gini kuwa mai riƙe da haƙƙin wurin ake nema a ba. Wanda ya ba da siminti buhu ɗari amma sunansa bai fito a kowace takarda ba, sai ya yi da gaske kafin a saurare shi.

Na biyu, ƙungiyar da ba ta da rajista ba mutum ba ce a idon doka. Ba ta iya mallakar fili da sunanta, ba ta iya kai ƙara da sunanta, sai dai wasu su tsaya a madadinta. Wannan ne ya sa takardun wurare da yawa suke ɗauke da sunan wani attajiri ko malami guda, wanda aka amince da shi a zamaninsa. Idan ya rasu, magadansa suna iya lissafa wurin cikin gado, su kuma aiko wa jama'ar da takardar haya. Maganin wannan yana cikin dokar kamfanoni, wadda tun daga ta 1990 har zuwa sabuwarta ta 2020 ta ba ƙungiyoyin addini da na zumunci damar yi wa amintattunsu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Da zarar an yi haka, amintattun sun zama jiki ɗaya mai ɗorewa, wanda ke riƙe dukiya ko da mutanen cikinsa sun sauya. Dokar 2020 ta ɗora musu nauyin ajiye lissafi da miƙa rahoto, ta kuma hana raba kuɗin ƙungiya a matsayin riba.

Na uku, doka ta bambanta ɗan haya da mai zama bisa izini kawai. Ɗan haya shi ne wanda aka danƙa wa wuri ya zama a hannunsa shi kaɗai na wani lokaci. Kowace jiha da tata dokar, amma a mafi yawansu, in ba a yi wani sharaɗi dabam ba, ɗan hayar wata yana da notis na wata ɗaya, na shekara kuma wata shida, sa'an nan a biyo da na kwana bakwai kafin a je kotu. Ƙungiyar da ke shiga zaure daren Laraba da safiyar Lahadi kawai, mabuɗi kuma yana hannun wasu, da wuya a ɗauke ta 'yar haya, ko da an rubuta kalmar haya a rasiɗinta. Tana iya wayar gari ta tarar da kwaɗo a ƙofa, kariyar da take zaton tana da ita kuwa babu.

Na huɗu, maganar wakafi. Da yawan masu ba da gudummawa suna ɗaukar ginin a matsayin hubusi, wanda ba a sayarwa kuma ba a gado. Tsarin mulkin 1999 ya sa shari'ar wakafi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, amma ya bar wa kowace jiha zaɓin kafa ta, kuma jihohin Ribas da Anambara da Inugu ba su da irin wannan kotu. Babu kuma hukuma irin Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano ko takwararta ta Sakkwato da za ta rubuta wakafin ta tsare shi. Niyyar mai bayarwa ba za ta sami kariya a can ba sai an zuba ta cikin takardar amana da kotun jiha za ta gane.

Sai Bango Ya Tsage

Abin da ya sa wannan gardama ta fi tsada a Gabas shi ne zaman kansa bai da tabbas. A Fabrairun 2006, bayan tarzomar Maiduguri a kan zanen ɓatanci, an kai harin ramuwa a Anacha, mutane da dama suka rasa rayukansu, aka ƙona masallatai da shaguna, jama'ar Arewa suka fake a barikin soja wasu kuma suka ƙetara gada zuwa Asaba. A Disambar 2016 gwamnatin Jihar Inugu ta ba da umarnin rufe kasuwar New Artisan, inda 'yan Arewa da yawa ke sayar da awaki da tumaki, bayan hargitsin da aka kashe ɗan sanda a cikinsa. A Agustan 2019 aka yi cacar baki a duk faɗin ƙasa a kan filin masallacin Trans-Amadi a Fatakwal: masu masallacin suka ce an rushe musu gini, gwamnatin Jihar Ribas ta ce filinta ne, ta kuma kafa hujja da hukuncin kotu. A 2023 gwamnatin Jihar Abiya ta ce kasuwar shanu ta Lokpanta, wadda ke kan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal, za ta koma kasuwar yini, ba wurin kwana ba.

Dalilan waɗannan al'amura sun bambanta, amma darasinsu ga mai dukiya ɗaya ne. Ranar da aka zo tashi, ko sake tsugunarwa, ko biyan diyya, hukuma takan tambayi abu biyu: ina takarda, kuma wa ke magana da yawun jama'a? Al'ummar da ƙungiyoyinta ke jayayya a kan haya takan iso da wakilai iri biyu da wasiƙu masu karo da juna, sai a sami dalilin jingine maganarta baki ɗaya.

Ko ba a kai ga haka ba, akwai asarar yau da kullum. Idan ƙungiya ta yi fushi ta fita ta kama nata ɗaki, jama'a ɗaya ta koma biyan haya biyu, janareto biyu, mai gadi biyu. Tsohon zauren ya rasa mai taya shi gyara. Mafi muni, wanda ya ci bashi a wannan majalisa yana iya komawa waccan ya sami mafaka, tun da ba sa ga maciji da juna. Labari kuwa ba ya kwana: mai shanu a Potiskum ko Maigatari, ko mai albasa a Aliero, idan ya ji cewa babu mai iya karɓo masa kuɗinsa a wani zango, sai ya ce sai an biya kafin mota ta tashi, ko ya karkata kayansa wani gari. Ƙaramin dillali wanda jarinsa shi ne mutuncinsa, shi ne farkon wanda zai fita kasuwa.

Hanyar Gyara

Ba sai an je nesa neman misali ba. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya na al'ummar Ibo, waɗanda suke da zaurukansu a Sabon Garin Kano da sauran biranen Arewa, sun daɗe da al'adar rubutaccen tsarin mulki da littafin kuɗin da aka yanka wa kowa. A Ingila da Amurka, inda ƙungiyoyin 'yan'uwantaka da dama kan haɗu a gini ɗaya, an saba kafa kamfani ko kwamitin amintattu na dabam wanda shi ke mallakar ginin, kowace ƙungiya tana da wakili a ciki, kowace kuma tana biyansa, har da wadda ta kafa wurin. Fikihun Musulunci ma bai bar wannan fage ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Malamai sun sharɗanta cewa haya ba ta inganta sai an san kuɗin da lokacin da amfanin da za a yi, sun kuma gabatar da gyaran dukiyar wakafi a kan rabon abin da ta samar. Ke nan karɓar kuɗi domin zauren ya tsaya da ƙafarsa bai rage ladan waɗanda suka gina shi ba.

Daga waɗannan za a iya fitar da matakai masu sauƙi. Da farko a zauna da dattawan da suka rage a rubuta tarihin wurin: wa ya ba da fili, bisa wane sharaɗi, wace ƙungiya ta ba da me. Sa'an nan a yi wa amintattu rajista, a sa wakilin kowace ƙungiya mai hannu a ginin, a mayar da takardar fili da asusun banki zuwa sunansu. A raba lissafin masallaci da na zaure da na shaguna, domin kada kuɗin da aka bayar sadaka ya cakuɗe da na ciniki.

Kuɗin da za a biya kuma a kasa shi uku. Akwai kason mai fili da harajin hukuma, akwai na wuta da mai da shara, akwai kuma asusun gyara wanda ba a taɓa shi sai don rufi da bango. Rabon ya bi yawan amfani. Alal misali, in aka kasa mako gida 14, wato safe da yamma na kwana 7, ƙungiyar da ke cin gida 2 ta san kasonta, mai cin gida 5 ma ta san nata. Wadda ta taimaka wajen gini a rage mata wani abu sananne a rubuce, makarantar yara kuma jama'a na iya yafe mata da gangan, kowa ya san nawa aka yafe da wanda ya ɗauki nauyin. A sa ranar duba kuɗin sau ɗaya a shekara, a kan rasiɗan da aka biya a zahiri, domin ƙari ya zo kaɗan kaɗan maimakon ya taru ya faɗo wa mutane lokaci guda. A kuma faɗi kwana nawa za a ba ƙungiya kafin a karɓe ranarta.

Daga ƙarshe a rubuta matakan sulhu: fadar Sarkin Hausawa da limamai tukuna, in ta faskara a je zauren sasanci na kotu, irin wanda jihohin Inugu da Ribas suka kafa, kafin a kai ga shari'a. Dokar sulhu da sasanci ta tarayya ta 2023 ta ƙarfafa matsayin yarjejeniyar da aka cimma ta wannan hanya.

Kuɗin lauya da na rajista ba zai kai abin da ake kashewa a zaman kotu na shekara guda ba, ballantana darajar motar shanu ɗaya da aka rasa mai tsaya mata. Attajiran Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi waɗanda kayansu ke sauka a waɗannan zanguna suna da ruwa da tsaki a maganar, ko da ba su taɓa taka zauren ba, tun da a cikinsa ake tsare musu dukiyarsu. Ya dace duk mai aika kaya Gabas ya tambayi maigidansa sunan da ke kan takardar zauren da ake yi masa sulhu a ciki, in kuwa ba a rubuta ba, ya sa hannu a aljihu a rubuta tun dattawan da suka san asalin maganar suna raye.